Motar Barkai a Yashin Jurab

Barkai Sugi ba ya jefar da ƙwallon dabinon farko da ya ci da safe. Yakan tsotse shi tas, ya ajiye shi a kumatu, ya yi ta magana da shi a baki har rana ta take. Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka ciwon haƙori yake yi. Amfanin ƙwallon yana zuwa ne idan an bar ƙasa mai tauri za a shiga yashi. Sai ya sauko ya tsuguna gaban kowace taya, ya danna bawul da tsinin ƙwallon, iska na fita yana saurare, kansa a karkace. Ba ya riƙe ma'auni, kunnensa ya ishe shi. In ya gama da tayoyin huɗu sai ya mayar da ƙwallon baki, ya ce a hau.

Mu nan Faya mun san shi tun yana bin raƙuman mahaifinsa. Raƙuman suka ƙare a shekarar da rijiyoyi suka ƙafe, shi kuma ya koma tasha. Ya daɗe yana tuƙa motocin mutane kafin ya samu tasa, wata tsohuwar katkat fara, irin wadda ƙafafunta huɗu duka suke ja. Ni sunana Kosso, walda ce sana'ata, kuma a hannuna motar nan ta zama abin da ta zama.

Mota yadda ta fito daga masu ƙera ta ba ta ƙetare Jurab ta dawo. Manta zai ƙare, bayanta zai zauna. Don haka na ƙara mata sifirin, na ɗora mata kariya ta ɗaukar kaya a sama, na ɗaure mata duron ruwa a bayan kujera. Babban aikin shi ne tanki na biyu da na rataya mata a ƙasa, na kama shi da walda a wuri huɗu. Ranar da na gama na buga tankin da guduma, na ce wa Barkai ko ni da shi mun shuɗe waldar nan za ta rage. Mutum yakan saki magana bai san inda za ta sauka ba.

A wannan hanya tamu, mota in ta mutu a yashi ba ta zama ta mai ita shi kaɗai. Mai ita yakan kwashe kayansa ya tafi, gawar ta zauna wa masu wucewa. Wanda fambel ɗinsa ya tsinke ya cire nata, wanda sifirin ɗinsa ya karye ya kwance nata. Ba a ɗauka don sayarwa, ba a kuma ɗaukar abin da ba a buƙata a lokacin. Wanda ya ɗauka yakan ɗora dutse a kan murfin inji. A Jurab dutse ba ya yawa, shi ya sa tsofaffin direbobi suke ajiye biyu ko uku a ƙarƙashin kujera. In mai motar ya biyo wata rana, sai ya dubi duwatsun ya san mutum nawa gawar motarsa ta kai gida. Motar Barkai ma tana ɗauke da kayan gawa huɗu, yakan nuna su yana kiran sunayen masu su kamar mai lissafa kakanni.

Aikin da ya ɗaga shi na masu magani ne. Wata ƙungiyar kiwon lafiya ta nemi mai kai mata akwatunan allura zuwa ƙauyukan bakin rijiyoyi, ta kuma ce sai mai cikakkiyar inshora, wadda ke biyan motar kanta in ta lalace, ba ƙaramar da ake nuna wa jandarma a shinge ba. Barkai ya tafi Injamena a bayan babbar mota, katin motarsa a aljihu. Bai je da ita ba, don wa zai ƙona man kwana huɗu kawai domin a kalli mota? A ofishin kamfanin wani ma'aikaci mai fara'a, Jimet, ya kwafi abin da ke jikin katin, ya buga hatimi. Ba wanda ya tambayi tanki nawa ne, Barkai kuma bai ga abin faɗa ba. Wa yake sanar da mutane cewa raƙuminsa na da sirdi?

Ya dawo da takardar a cikin gwangwanin shayi. Da Faransanci take, ba ya karantawa, amma kowace shekara yakan sabunta ta kafin ranarta ta cika. Matarsa Wozina takan ce mijinta ya fi sanin lafiyar gwangwanin nan a kan lafiyar gwiwarta. Shekara shida aka yi haka. 'Ya'yansa mata biyu suka shiga makaranta, ya sake rufin ɗaki, ya fara gaisawa da mutane daga zaune.

A shekara ta bakwai, farkon zafi, yana dawowa ba kaya. Iska ta kwana uku ta sare bayan wani tudu da ya hau ya sauka ba iyaka. Ya kai ƙoli ya tarar babu gangare, sai rami. Motar ta juya sau biyu ta tsaya a kan ƙafafunta, rufi ya lotse, ƙashin bayanta ya karkace. Shi ya fito da tsagar goshi kawai, ƙwallon dabino na nan a bakinsa. Taubashinsa Allaci, wanda ke biye da shi a tasa motar, ya zagayo ya same shi yana tono gwangwanin shayi daga ƙarƙashin kujera.

Da wayar tauraro ta Allaci suka kira Injamena. Jimet ya jajanta sosai, ya yi hamdala da ba a rasa rai ba, sannan ya tambayi lambar hanyar da abin ya faru. Barkai ya ce tafiyar yini ce daga Faya in ka nufi garin Kuba, ka bar tudu mai kai biyu a hagunka. Jimet ya yi 'yar dariya, ya ce takardarsa ba ta da gurbin tudu, amma za a duba.

"Abu ɗaya dai, Baba," in ji shi. "Kada a motsa ta, kada a cire mata ko noti. Sai mai duba ɓarna ya zo ya gan ta da idonsa. In ya tarar an taɓa ta, hannuna ya fita."

"Yaushe zai zo?"

"Ba zai daɗe ba."

Allaci ya karɓi wayarsa, ya dubi motar, ya dubi sawun tayoyin da suka cika wurin. Duk wanda zai je Kuba a wannan shekarar ta nan zai bi. Ya ce in suka tafi yau, kafin sati ya zagayo inji ma ba zai rage ba. Barkai ya ce ya sani. Ya sauke tamfol daga kariya, ya ɗaure gefe ɗaya a jikin motar, ya kafa ɗaya gefen da shebur.

"Tarewa za ka yi ke nan, ango?" in ji Allaci. "Ka bari in kawo maka lalle."

"Kawo ruwa dai, ɗan baƙar tunkiya. Kwana goma ne."

Masu magani suka ɗauki wani direba na wucin gadi. Suka ce za su riƙe wa Barkai gurbinsa har ƙarshen yankan dabino, in ya samu wata mota. Wata motar kuwa ba ta da inda za ta fito sai daga cikin gwangwanin nan.

Allaci yakan biyo duk bayan kwana goma da ruwa da gari da busasshen nama. Tsakanin zuwa da zuwa Barkai yakan share yashin da ya taru a gindin tayoyi, don kada mai duba ɓarna ya zo ya ce ba ya ganin ƙasan motar. Motoci suna wucewa, wata rana biyu, wata rana babu. Duk wanda ya ga tamfol sai ya tsaya, a hura gawayi, a ɗora shayi. Suna sha suna kallon motar ta gefen ido.

Wanda ya fara tambaya Wardugu ne, kuma da wani ne da abin ya zo da sauƙi. Akwatin giyar da ke cikin motar Barkai daga gawar motar mahaifin Wardugu ya fito. Fambel kawai yake so, nasa ya fara zarewa. Har ya fito da dutsensa daga ƙarƙashin kujera yana juya shi a hannu. Barkai ya yi masa bayanin Injamena da na noti, ya maimaita, idonsa a kan gawayi. Wardugu ya mayar da dutsensa ƙarƙashin kujera. Ya shanye kofin farko, ya kife shi, bai jira na biyu da na uku ba. Ya yanko igiya daga kayansa ya murɗa ta ya ɗaura a madadin fambel, ya tafi a hankali. Ya isa Faya, Allah ya taimaka, labarin kuma ya isa tare da shi.

Bayan wannan masu tsayawa suka ragu. Wasu sukan ɗaga hannu daga nesa su wuce. A kasuwa Wozina ta fara jin mata suna rage murya in ta iso rumfar nama. Ita ba mace ce mai jira ba. Ta sa Allaci ya karɓo mata takardar, ta kai wa malamin makarantar 'ya'yanta ya karanta mata tun daga sama har ƙananan rubutun ƙasa. Daga can ta zo rumfata, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta zauna ba.

Abu biyu malamin ya samo. Na farko, takardar tana aiki ne a kan hanya mai lamba. Na biyu, tana aiki ne a kan motar yadda ta fito daga masu ƙera ta, duk ƙarin da ba a rubuta ba yana kashe ta. Wato in mai duba ɓarna bai zo ba babu komai, in kuma ya zo ya leƙa ƙasa ya ga tankina, nan ma babu komai.

"Kawu Kosso," in ji ta, "kai ka ɗaura masa. Sai ka je ka kwance."

Na bi Allaci a zuwansa na gaba. Wata biyu ke nan da faɗuwar. Na tarar da Barkai ya rame, gemunsa ya fito fari, amma motar tsaf, har gilashin da bai fashe ba ya goge. Na gaya masa abin da malamin ya karanta, a hankali, yadda ake sauke kaya daga raƙumi mai ciwon baya. Ya ce a kira Jimet.

Da Jimet ya ce babu hali, da ranar muka dawo mu uku. Amma bai ce haka ba. Ya ce a taswirarsu akwai wani layi mai ɗigo-ɗigo da ya ratsa Jurab, yana da lamba, in motar tana kusa da layin za a iya lissafa ta a kan hanya. Mai duba ɓarna ne zai auna. Ya so zuwa a watan jiya, jirgi ne bai tashi ba. Batun ƙari kuwa, Jimet ya ce shi dai abin da mai duba ɓarna ya rubuto masa cewa ya gani, shi yake karantawa.

Barkai ya daɗe yana juya ƙwallon dabino a baki. Sannan ya ce abin da ba ya cikin takarda, a wajensu babu shi, cire shi kuwa ba taɓa motarsu ba ne. Allaci ya ce wannan fatawar sai a kai ta Azhar a ba ta rawani. Ni na je na ɗauko kayan aikina. Na san abin da ake kiran irin wannan aiki, shi ma ya sani, shi ya sa bai dube ni ba da yake faɗa.

Kariya da duron ruwa suka sauka a yini ɗaya, Allaci ya loda su. Sifirin ya ci kwana biyu. Tanki ne ya tsaya. Ba a kai wuta kusa da tankin da ya sha mai, sai zarto, kuma sai mutum ya kwanta rigingine a yashi, ƙarfe a kan hancinsa. Na shiga na gwada, hannuna ya ƙi. Tsufa ya riga ya karɓi nasa rabon. Na ja zarto har la'asar, abin da na ci bai kai kaurin farce ba.

"Ba ka iya aikin banza ba ne, Kawu?" in ji Barkai daga waje. "Ko sau ɗaya?"

Ban taɓa jin nauyin aiki mai kyau ba sai ranar. Na bar masa zarton da ruwan zarto shida, muka juyo. Ina waiwaye har tamfol ya zama ɗigo. Ga sarari ko'ina, ba katanga ba ƙofa, ga mutum kuma ba ya iya yin nisan da zai daina ganin motarsa.

Yakan yi yankan da sassafe kafin ƙarfe ya ɗau zafi. Walda ta farko ta ci masa sati uku da ruwan zarto biyu. Ta biyu ta fi sauƙi. Dabino ya nuna a Faya, aka fara hawa. Jimet ya ce ruwan sama ya yanke hanyar kudu, mai duba ɓarna yana jiran ta buɗe. Wozina ta aika masa da sabon dabino da saƙo cewa 'yarsa babba ta daina tambayar yaushe zai dawo. Ya amsa da cewa saura walda biyu.

A wata na biyar, saura kwanaki a gama yankan dabino, wata mota ta ɓullo da rana tsaka tana tafe tana tsayawa. Daga Kuba take. A ciki akwai direba, da mata uku, da wani tsoho kwance a baya da za a kai asibitin Faya. Lagiretonsu ya tsage tun safe, ruwan shansu suke ta ɗura masa yana zubarwa. Direban baƙo ne, Barkai bai taɓa ganinsa ba. Ya tsaya nesa da tamfol, ya yi sallama, bai ko kalli farar motar ba.

"Mun san ka, Baba," in ji shi. "An gaya mana tun daga Kuba. Ba za mu tambaye ka komai na jikinta ba. Ruwa kawai, in da hali, ko rabin jarka."

Barkai da kansa ya ba ni wannan labari, sau ɗaya, bai ƙara ba. Ya ce da mutumin ya roƙa, da wataƙila ya sake karanto masa karatun Injamena, don bakinsa ya saba. Abin da ya tsaya masa shi ne ba a roƙa ba. Sunansa ya riga shi zuwa garin da bai taka ba wata biyar, kuma ga abin da sunan ya zama. Ya dubi jarkarsa, ya dubi tsohon. Rabin jarka ba za ta kai su ko tudu mai kai biyu ba.

Ya ba su ruwan suka sha. Ya ɗauko sifana ya buɗe murfin injinsa. Noti huɗu ne da tiyo biyu ke riƙe da lagiretonsa, cire shi bai kai sa'a guda ba. Suka ɗaura lagireton tare, suka ɗura masa sauran ruwan. Baƙon ya laluba ƙarƙashin kujerarsa ya fito da dutse, sai ya tsaya da shi a hannu, bai san ko ya halatta ba. Barkai ya rufe murfin injin ya nuna masa wurin da haɓa. Sannan ya kwance tamfol, ya naɗe, ya ɗauki gwangwanin shayi. Kafin su tashi ya zagaya tayoyin baƙon huɗu, ya ce iskarsu ta yi yawa.

Ya kira Jimet daga Faya ya gaya masa yadda aka yi, bai rage komai ba. Jimet ya ce kash, ya ce ya fahimta, shi ma ɗan ƙauye ne. Ya ce duk da haka ba za a rufe maganar ba sai mai duba ɓarna ya gani ya sa hannu, kuma muddin tana buɗe ba za a yi masa sabuwar takarda ba. Shi ya sa da Allaci ya ce ya karɓi motarsa ya ci gaba da aikin masu magani, abin bai yiwu ba. Gurbin ya zauna wa wancan direban.

Barkai ya koma gonar dabinon surukansa, yana ban ruwa yana gyaran hanyoyin ruwa. Mutumin da ya san kowace rijiya daga nan har iyaka, tafiyarsa ta zama daga gida zuwa gona, daga gona zuwa rumfata. Yakan zauna a kan tsohuwar taya da la'asar, in direba ya zo gyara ya tambaye shi ina tudu kaza ya koma bana. Wardugu ya zo wata rana ya sha kofi uku, ba a tayar da maganar komai ba. Gwangwanin kuwa yana nan a kan katangar ɗaki, Wozina ta so ta zuba gishiri a ciki ya hana. Duk shekara bayan damina yakan ari waya ya kira Injamena. An ce Jimet ya canza ofis, wanda ya gaje shi ma mutum ne mai fara'a.

Sau da yawa yakan ce mini tankin nan lafiyarsa ƙalau, asara ce a bar shi, in zafi ya sauka zai bi Allaci ya ƙarasa yankan ya kawo mini in ɗaura wa wani. Nakan ce to. Zafi ya sauka sau huɗu. A na biyar ciwon ƙirji ya kwantar da shi kwana tara, muka kai shi makwancinsa bayan gonakin.

Bara na bi Allaci zuwa Kuba gaisuwar rasuwa, muka tsaya a wurin. Hanyar ta matsa gabas, sai da muka ratse. Babu inji, babu ƙofofi, babu tayoyi. Murfin injin ne kawai aka jingina a kan ƙarfen gaba don ya riƙe duwatsu, sun yi tsibi, wasu sun gangaro. Allaci ya fara ƙirgawa ya bari.

Na durƙusa da kyar na leƙa ƙasa. Tankin na nan a rataye, gefe ɗaya ya sauka ya taɓa yashi. Walda uku a yanke. A ta huɗu ruwan zarto na ƙarshe yana maƙale, ya shiga rabi, tsatsa ta kama shi.